Yadda Ake Horar da Kare Ya Riƙa Gano Miyagun Ƙwayoyi

Duk inda na tsaya da kare a bakin aiki, tambaya ɗaya ce ba ta wuce ni: "Malam, gaskiya ne ku kuke ba shi wiwin yana sha, shi ya sa yake nemanta ido rufe?" Ba gaskiya ba ne. Hodar iblis ko ƙwayar da za ta bugar da ƙato, kashe kare take yi. Karen da ka gani yana cusa hanci cikin kayan fasinja abin wasansa yake nema. An koya masa cewa inda duk wannan warin yake, nan ƙwallonsa yake fitowa, shi ke nan sirrin. Sauran aikin duka na ɗan Adam ne, kuma a wurin ɗan Adam ɗin ake samun ɓaraka.

Hancin kare ba ya bukatar gyara. Ƙwayoyin jin wari da ke hancinsa sun haura miliyan 200, na mutum kuwa ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Idan yana sansana abu yakan ja iska kamar sau biyar a daƙiƙa ɗaya, ya fitar da ita ta 'yan tsagun nan na gefen hanci, don kada numfashin da ya fita ya kore warin da ke shigowa. Ba za ka ƙara masa komai a nan ba. Abin da za ka koya masa uku ne kawai: wane wari ne yake da lada, yadda zai bi shi har tushensa, da yadda zai gaya maka ya samu.

Kafin ka taɓa igiya

A Najeriya, riƙe tabar wiwi ko hodar iblis laifi ne ko da ka ce don horar da kare ka ajiye. Samfurin da ake horo da shi yana hannun hukuma, kamar NDLEA wadda aka kafa da doka mai lamba 48 ta 1989, kuma ana fitar da shi da sa hannu da awo, a mayar da sa hannu da awo. Saboda haka wanda ba ma'aikaci ba, ya koyi hannu da kanumfari. Matakan duk ɗaya ne. Sai dai karen da ka koya wa kanumfari ba za a kai shi aikin ƙwaya ba, don zai zauna gaban jakar duk matar da ta sayo kayan yaji.

Batun addini kuma, tunda shi ne ke sa wasu matasa jan ƙafa: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisi ya ba da izinin kare don farauta da kiwo da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Mafarautanmu sun daɗe da sanin darajar kare mai hanci.

Zaɓen kare

A nan mutane da yawa suke faɗuwa, don suna zaɓe da ido. Ƙaton kare mai ban tsoro ba shi ake nema ba. Hukumomi sun fi amfani da Malinuwa na Beljiyam, da karen makiyayan Jamus, da Labrado, da ɗan ƙaramin Sifaniyel na Ingila mai shiga lungun da babba ba zai shiga ba. Amma jinsi ba ya ba da tabbaci. A cikin 'ya'yan karya ɗaya kana iya samun guda ɗaya tak da zai yi.

Nemi mai wata 10 zuwa shekara 2, ka gwada shi haka. Ɗauki ƙwallon roba ka tsokane shi da shi har ya ɗauki zafi, ka jefa cikin ciyawa mai duhu yana kallo. Riƙe shi, ka juya shi sau biyu ko uku don ya ɓata saiti, sannan ka sake shi. Kada ka nuna, kada ka yi magana. Karen da ya nema na daƙiƙa ashirin ya dawo yana kallon fuskarka, mai kyau ne a gida, ba na wannan aiki ba ne. Wanda kake so shi ne wanda zai yi minti biyu, uku, biyar yana kai da komo da hanci a ƙasa, wutsiya na kaɗawa, ko kaza ta gifta bai kula ba. Maimaita a wurin da bai sani ba. Sannan ka ajiye masa nama a gefe ka ga ko zai bar ƙwallon.

Bayan haka ka duba zuciyarsa. Hau da shi bene, taka da shi kan tayil mai santsi, wuce da shi kusa da janareta, kai shi bakin tasha inda 'yan kamasho ke ihu. Firgita ta farko ba laifi ba ce; abin dubawa shi ne ko yana warwarewa nan take. Mai maƙale wutsiya ya ƙi motsi, da mai yi wa mutane gurnani, duka ka bar su. Wannan kare zai yi rayuwarsa tsakanin ƙafafun mata da yara da tsofaffi.

Likitan dabbobi ya duba ƙugu da gwiwa, a yi masa allurar haukan kare da sauran rigakafi, a fara maganin kaska. Kaskar ƙasar nan tana sa wa karnukan da aka kawo daga Turai ciwon jini da ke kwantar da su cikin 'yan kwanaki.

Haɗa wari da lada

Makonni biyun farko ba horo, sai sabo. Kai za ka ciyar da shi, kai za ka fita da shi, kai kaɗai ke da ƙwallon. Kada ƙwallon nan ya kwana a ɗakinsa. Abin da ke hannunsa kullum ba ya da daraja, kuma darajar ƙwallon ita ce jarinka gaba ɗaya.

Zaɓi kalma ɗaya gajera da za ta zama alamar "ka yi daidai". Ni "yauwa" nake cewa. Ka ce ta, ka jefa ƙwallo, ku yi ja-in-ja, ka karɓa. Yi haka har ya zama da jin kalmar jikinsa ya tashi.

Yanzu kawo akwatunan katako ko gwangwanaye huɗu iri ɗaya sak, kowanne da rami a sama daidai shigar hanci. Ranar farko guda ɗaya kawai za ka ajiye, da samfurin a cikin ƙaramin gwangwani mai huji wanda bakinsa ba zai iya kaiwa gare shi ba. Ka kawo shi kusa, ka yi shiru. Son sani zai sa ya cusa hanci a ramin. A daidai wannan lokacin, hancin yana ciki, ka ce "yauwa" ka saki ƙwallon a kan akwatin. A kan akwatin, ba a ƙafarka ba. Idan ka yi jinkirin daƙiƙa biyu har ya ɗago ya kalle ka, to ladan kallonka ka ba shi, kuma abin da zai koya ke nan. Duk sana'ar nan a kan wannan 'yar daƙiƙar take tsaye.

Sau biyar ko shida ya isa zama ɗaya. Ka tsaya tun yana so, ka mayar da shi ɗaki yana kukan a ƙara. Zama uku ko huɗu a rana, kowanne bai wuce minti biyar ba, ya fi awa guda a jere nesa ba kusa ba.

Idan ya fara rugawa akwatin da kansa, ƙara na biyu wanda babu komai a ciki. Ya sa hanci a wofin, kada ka ce komai, kada ka ja igiya, kada ka tsawata. Shirun ya ishe shi amsa. Zai matsa gaba da kansa. Daga nan uku, daga nan huɗu, kana sauya wurin mai warin a kowane zagaye. Akwatin da ya taɓa ɗaukar samfuri ya zama na samfuri har abada. Kada ka mayar da shi wofi gobe, don katako yana riƙe wari. Kuma ka riƙa goge yawun da ya bari a bakin ramin, in ba haka ba yawunsa zai riƙa bi.

Yadda zai gaya maka

A da ana barin kare ya yi ta karta da haushi inda ya ji wari. Yanzu an fi son ya zauna ko ya daskare da hanci a wurin. Dalili a fili yake: mai karta yana ɓata fentin motar mutane, yana yaga kaya, kuma idan ya fasa ƙunshi ya shaƙi hodar, kana iya rasa shi a hannunka.

Koyar da zaman ba wuya. Da ya tsaya a kan akwatin daidai, jinkirta "yauwa" da rabin daƙiƙa. Zai matsu, ya ƙara danna hanci, ya tsaya cak. Ba shi lada a nan. Gobe daƙiƙa ɗaya, jibi biyu, har ya iya riƙewa daƙiƙa biyar ko fiye ko da kana tafiya ka wuce shi, ko kana jan igiyar a hankali. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: kare ya yarda da hancinsa fiye da yadda ya yarda da hannunka.

Ƙara wasu warin, da raba shi da abin da ba shi ba

Wari na farko ne mai ɗaukar lokaci. Da zarar ya gane wasan, na biyu da na uku kwanaki kaɗan suke ci, ta hanyar akwatunan nan dai. Tabar wiwi ta fi sauƙi don warinta ya fi ƙarfi. Wani bincike da aka yi da karnukan 'yan sandan Polan aka wallafa a 2014 ya nuna ita suka fi saurin ganowa, hiroyin kuma ta fi ba su wuya. Shi ya sa wasu masu horo suke farawa da mai raunin wari, su bar wiwi daga baya.

Abin da kare ke ji ba lallai ne ya zama ƙwayar kanta ba. A hodar iblis, alal misali, wani sinadari ne da ke tashi daga jikinta, ana kiransa metil benzowet, shi ne yawancin karnuka suke kamawa. Wannan ya sa dole ka riƙa sauya samfuri: na kamu daban-daban, tsoho da sabo, kaɗan da mai yawa. Karen da bai taɓa jin abin da ya wuce giram biyar ba yakan rikice gaban buhu guda, don warin ya cika ɗakin har ya rasa ta inda yake fitowa. Ƙwayoyin kanti irin su tiramadol, waɗanda suke addabar garuruwanmu, suna zuwa a rufe cikin katinsu, warinsu kaɗan ne, saboda haka suna bukatar haƙuri da maimaici fiye da sauran.

Sai raba wari. Samfurinka yana cikin leda, an naɗe da salatif, ka taɓa shi da safar hannu. A wurin kare duk wannan wari ɗaya ne har sai ka nuna masa ba haka ba. Don haka zuba a sauran akwatunan leda wofi, salatif, safar hannu, da abin da hannunka ya taɓa. Ya zauna a kansu, shiru. Bayan nan kawo abin da zai tarar a hanya: daddawa, kilishi, busasshen kifi, barkono, manja, turaren wuta, man juye. Masu safara suna cusa kaya cikin irin waɗannan da zaton za su rufe warin. Kare ba ya jin wari a dunƙule yadda muke ji. Mu miya muke ji, shi kuwa yana jin kuka daban, daddawa daban.

Samfurin a ajiye shi cikin kwalba mai murfi, kowane iri da kwalbarsa, a ɗauka da hantsaki ko sabuwar safa. Ka haɗa wiwi da hiroyin a akwati ɗaya na mako guda, ka gama lalata hiroyin ɗin, don warin wiwi kawai karen zai riƙa ji a jikinta.

Matakin da aka fi tsallakewa

Ina da wata karya da nake kira Guguwa. Wata uku muna aiki, ba ta taɓa kuskuren akwati ba, har na fara alfahari da ita. Ran nan wani dattijo da ya riga ni a aikin ya ce, "Ɗana, fita waje, ni zan ɓoye." Na dawo muka bi layin akwatuna shida. Guguwa ta wuce na farko, ta wuce na biyu, a na uku ta ɗan rage sauri, ta ɗago ido ta kalle ni. Ban san komai ba, fuskata ba ta gaya mata komai ba. Ta wuce. Muka kai ƙarshe, ta dawo ta zauna a na biyar, inda na ɗan tsaya gyara igiya. Samfurin yana na uku. Dattijon ya ce, "Hancinta ya gaya mata gaskiya, amma kai ta saba tambaya." Ashe duk watannin nan, idan muka iso akwatin da na san da abu, ƙafata takan rage sauri, hannuna ya nufi aljihun ƙwallo. Ni ban sani ba, ita ta sani. Sai da muka koma baya mako shida kafin ta daina kallona.

Wannan ba matsalata ni kaɗai ba ce. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun gwada ma'aikata 18 da karnukansu a ɗakunan da babu ƙwaya ko abin fashewa ko ɗaya. Sun gaya wa ma'aikatan cewa jar takarda tana nuna inda aka ɓoye abu. Karnukan suka ba da alamar ƙarya sau 225, kuma sun fi yin haka a inda jar takardar take. Takardar ba ta da wani wari da ya dame su. Zaton mai riƙe da igiya suka karanta.

Maganin shi ne, da zarar kare ya gane akwatuna, ka daina ɓoyewa da kanka. Wani ya ɓoye ba ka nan. Mafi kyau ma, wanda ya ɓoye ya fita, don kare yana iya karanta shi shi ma. Ya tsaya bayan ƙofa, idan karen ya zauna ka ɗaga murya ka faɗi lambar wurin, ya amsa maka e ko a'a, sannan ka ba da lada. Ka riƙa sa zagayen da babu komai a ciki, kai ma ba ka sani ba. Kare ya koyi cewa wani lokaci ana bincike a tashi hannu wofi, kuma ba laifi ba ne. Wanda ya saba duk fita sai an samu, ranar da babu zai ƙirƙiro. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya, ka zauna ka kalli ƙafafunka da hannunka, ba karen ba.

Fita fili

Daga akwati sai ɗaki, daga ɗaki sai jakunkuna a jere, sai mota a tsaye, sai tirela, sai sito. Kowane sabon wuri ka sauƙaƙa ɓoyon farko don ya ci nasara, sannan ka tsananta. Ɓoye a ƙasa, ɓoye a sama da kansa, ɓoye a zurfi.

Koyi karanta iska. Wari yana tafiya ne kamar hayaƙi, yana faɗaɗa yayin da yake nisa da tushensa. Fara bincike daga inda iska ta nufa, ku tunkare ta. A mota, bi da shi ta haɗin ƙofofi, bakin but, ramin taya da ƙarƙashi, don ta nan iskar ciki ke fita. Kafin ya zauna za ka ga alamu: kai ya fizgo baya kamar an kira shi, baki ya rufe, numfashi ya koma gajere mai sauri, wutsiya ta sauya kaɗawa. Idan ka ga haka, sassauta igiya ka ja bakinka.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu a nan. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, kuma karen da ke haki da baki buɗe ba ya sansana yadda ya kamata. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Ya kai 41 rai ake magana. A watannin Maris zuwa Mayu, aikin fili da sassafe ne ko bayan la'asar. Ko da sanyi, kada ya wuce minti ashirin zuwa talatin ba hutu, da rana kuwa ƙasa da haka sosai. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta. Idan ba za ka iya jurewa ba, tafinsa ma ba zai iya ba. Ruwa da inuwa su kasance kusa, kuma kada a bar shi cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar. Harshe ya yi faɗi ya yi ja sosai, ko ya fara tangaɗi, jiƙa masa ciki da hammata da ruwa mai sanyi ka nufi likita. Ƙurar hunturu ma tana busar da hanci, sai a yawaita ba shi ruwa. Wanda ke aiki inda ake kama hiroyin da danginta ya nemi likita ya koya masa amfani da allurar naloksan, don tana ceton karen da ya shaƙa.

Abin da zamansa yake nufi

Zaman kare yana nufin ya ji wari. Ba ya nufin akwai ƙwaya a wurin yanzu, balle a ce mai kayan mai laifi ne. Jakar da aka ɗora kan buhun wiwi a but ɗin motar haya tana ɗaukar warin, kujerar da wani ya zauna jiya ma haka. A jihar Niyu Sawut Wels ta Ostireliya, rahoton hukumar sauraron koke na 2006 ya gano cewa a cikin mutanen da aka caje bayan kare ya nuna su, kusan kashi 26 cikin 100 ne kawai aka samu da ƙwaya. Sauran an tsayar da su an laluba su a bainar jama'a ba a samu komai ba. A garuruwanmu, inda mutunci ya fi kuɗi, dattijon da kare ya zauna gabansa a tasha ya shiga bakin duniya ko da an sallame shi. Saboda haka a ja mutum gefe, a bincika da ladabi, mace ta caje mace, in ba a samu komai ba a ba shi haƙuri a fili yadda aka tsayar da shi a fili. Kuma a hana karen lasa ko goga jiki a tufafin mutane; da yawa da tufafin nan za su yi salla.

Kada ka ba da ƙwallo a bakin aiki sai an buɗe an ga abin. Yaba masa da baki, ka ja shi gefe. Ranar da aka yi ta bincike ba samu, ɓoye masa samfuri a ƙarshe ya samu, ya koma gida da ƙwallonsa.

Horon farko yakan ci wata biyu zuwa huɗu, amma ba ya ƙarewa. Ma'aunin da aka fi bi a Amurka shi ne awa 16 na maimaici kowane wata, da jarrabawa duk shekara a hannun wanda ba shi ya horar da karen ba. Ka buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, wuri, yanayin zafi da iska, irin samfuri da nauyinsa, wanda ya ɓoye, ko ka san wurin ko ba ka sani ba, abin da ya samu, abin da ya tsallake, da inda ya zauna babu komai. Rubuta kuskuren da tawada ɗaya da nasarar. Lauyan wanda ake tuhuma zai nemi littafin nan a kotu, kuma tun kafin lauya, shi ne zai nuna maka cewa mako uku ke nan karenka yana tsallake duk abin da aka ɓoye sama da kansa, sai ka san daga inda za ku fara gobe da asuba.